Rakiyar Surukina Zuwa Gashi a Indiya

Tun da na dawo daga Indiya ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai na makarantarmu ana tambaya, a majalisarmu ta Hotoro ana tambaya, har mai wankin motata sai da ya tsare ni wai da gaske ne saniya na kwanciya a tsakiyar titi motoci su kauce mata. Kowa sai in gutsura masa kaɗan in wuce. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya. Sai dai labarin ba nawa ne ni kaɗai ba, akwai sirrin dattijo a ciki, don haka na aiki matata Hajara ta nemo mini izini wajen mahaifinta. Ya ce a rubuta, ko wani zai amfana, amma kada a karanta a inda yake zaune.

Ni malamin kimiyyar halittu ne a wata sakandare. Surukina, wanda ba zan kama sunansa a nan ba tunda ban taɓa kamawa ba, ɗan kasuwar fatu da ƙiraga ne, gidansa na Nassarawa GRA. Ya yi karatun allo da na zaure mai zurfi, bai yi boko ba. Shekara goma sha ɗaya ina auren 'yarsa ta fari, kuma a tsawon wannan lokaci ban taɓa shan ko ruwa a gabansa ba. In na je gaisuwa, takalmina a bakin baranda nake barinsa, in durƙusa daga ƙofar falo, ya ce, "Malam, ya iyali?" in ce, "Lafiya lau, Baba." Hirarmu mafi tsawo ba ta kai minti biyar ba, ita ma a kan rasuwa ce.

Da likitoci a Kano suka gano yana da sankarar mafitsara, suka ce sai an yi masa gashi, wato a riƙa haska wurin da wani haske mai ƙarfi da ke kashe cutar. Na'urar da ke kusa da mu ta lalace, ta nesa kuma layinta wata da watanni. Aka yanke shawarar Indiya. Manyan 'ya'yan Alhaji duk mata ne, Hajara na da tsohon ciki, Hajiya uwargidansa ba ta jin Turanci ga ciwon gwiwa. Aka duba aka ce ai ga Malam Habibu, ya iya Turanci, kuma kimiyya yake koyarwa. Ba wanda ya tsaya ya yi tunanin irin tambayar da ake yi wa mai wannan ciwo, da wanda zai riƙa fassara ta. Ni ma ban yi ba.

Bayan sallar asuba muka bar GRA zuwa Abuja, inda za mu hau jirgi. Malam Sale direban Alhaji ne ke tuƙi, mutumin Ringim, ya fi shekara ashirin a gidan. Na zauna gaba, Alhaji na baya da carbinsa. Lokacin kamfen ne, kowace gada an lulluɓe ta da hotunan 'yan takara, kuma kafin Kwanar Ɗangora ayarin wani ɗan siyasa ya tura mu gefen titi da jiniya, muka tsaya har motoci wajen talatin suka wuce. Alhaji ya ce Allah ya sa su tuna da hanyar bayan zaɓe. A Zariya aka tsaya karin kumallo, ya sa aka kawo waina da miya, ya ce, "Malam, bismillah." Na ce na ƙoshi. Malam Sale ya ja ni bayan gidan mai, ya saya mini shayi da burodi, ya tsaya yana kallona ina haɗiya da sauri kamar ɓarawo.

"Malam Habibu," ya ce, "wata biyu fa za ku yi. Haka za ka yi ta ƙoshi?"

Na ce Allah zai kawo dabara. Ya yi dariya har da buga cinya.

Hajiya ta haɗa mana kaya kamar masu ƙaura: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, man shanu, zuma, da kilishi ƙunshi guda. A Abuja ba wanda ya ce uffan. A Adis Ababa muka sauya jirgi, muka yi sallah a wani lungu tare da wasu Sudanawa da suka yi ta gardama kan alƙibla har Alhaji ya raba su da Larabcinsa na littafi. A Delhi ne aka yi ta. An duba fasfo da katin rigakafin shawara lafiya lau, amma wajen kwastan wani kare ya zo ya kafa hanci a jakar Hajiya ya ƙi tafiya. Jami'in ya kwance ledar daddawa, ya ja da baya taku biyu. Na ce masa kayan miya ne. Ya dube ni kamar mai jin tausayina, ya ɗaure ya mayar. Da ya zo kan kilishi ya tambayi naman mene ne, ni kuma da gaskiyata na ce na saniya ne. Fuskarsa ta canja nan take.

"Me ya ce?" in ji Alhaji.

"Wai ba a shiga da nama, Baba."

"Ce masa ya ɗanɗana, yankan Musulmi ne, na gida ne mai kyau."

Na juya na ce wa jami'in dattijon yana ba da haƙuri. Aka riƙe kilishin, aka sallame mu. Wannan ne karo na farko da na rage magana a tsakani, na kuma ga ta yi amfani.

Masaukinmu wani gidan baƙi ne kusa da asibiti, mai gidan sunansa Mista Gofal, gajere mai tumbi da fara'a. Wanda ya kama mana wurin ya ji an ce uba da ɗa, sai ya kama ɗaki ɗaya mai gado biyu. Da na leƙa na ga gadajen nan kafaɗa da kafaɗa, na juyo da sauri. Na roƙi Mista Gofal ya canja, ya riƙa kaɗa kai hagu da dama, na ɗauka ƙi yake yi, na ƙara roƙo, ya ƙara kaɗawa. Ashe a wurinsu wannan kaɗa kan amincewa ne. Ya ba mu wani sashe mai ɗaki biyu da ɗan falo da kicin, amma banɗaki ɗaya ne, ƙofarsa kuma a falon take. Alhaji ya buɗe firji ya tarar da kwalaben giya a jere. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi mu da muka fito daga jihar shari'a a kwashe mana, a sa ruwa.

Mutanen suna da abubuwan da suka yi kama da namu. Da hannu suke cin abinci, da ruwa suke tsarki, kuma yaro na sunkuyawa ya taɓa ƙafar babba in zai gaishe shi. Amma da ya gama taɓawa sai ya zauna kusa da shi a ci a sha a yi ta raha. Na ga surukin Mista Gofal, mijin 'yarsa, yana sa hannu a farantinsa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda suke maganar ciki ba kunya. Kullum da safe Mista Gofal zai tare ni a matakala ya tambaye ni ko cikina ya wanke yau, ya kuma ba ni labarin nasa dalla-dalla, a gaban matarsa. Abincinsu kuwa yaji ne da wake iri-iri da wata siririyar gurasa, nama sai ka je unguwar Musulmi, wadda cunkosonta da ƙamshin turarenta suka tuna mini da Kurmi. Kwana uku Alhaji ya daure, a na huɗu na zama kuku. Tuwon shinkafata na farko da cokali aka sha shi. Nakan ajiye masa nasa a falo in koma kicin in ci nawa a tsaye, dabarar da Allah ya kawo ke nan. Sallah kuwa tare muke yi a falo, shi ne liman.

Likitar da aka haɗa mu da ita mace ce, Dakta Anita, ba za ta wuce sa'ar Hajara ba. Ta ce gashin na sati takwas ne, kwana biyar a kowane sati. Za a kwantar da shi a ƙarƙashin na'ura na 'yan mintoci, ba zafi, ba ƙuna a lokacin. Matsalar ita ce hanji na maƙwabtaka da wurin da ake haskawa, kuma duk yadda aka auna sai hasken ya lashe shi. Wasu ba ya yi musu komai, wasu kuwa yakan cinye fatar cikin hanjin, a fara gudawa da murɗa da jini. In an gane da wuri akan dakata, a yi magani, a sake auna hasken. In ba a gane ba, raunin na iya zama na har abada.

Daga nan ta kawo maganar wani bincike da suke yi, ta nemi ko Alhaji zai shiga. A nan karatuna ya yi rana, don na gane abin da take nufi. Kowace ƙwayar halitta ta jikinmu tana ɗauke da umarnin da muka gada daga iyaye, dubbai, wasu a kunne wasu a kashe kamar fitilun gida. In haske ya fara cin hanji, akwai waɗanda ke kunnuwa akwai waɗanda ke mutuwa, kuma alamar haka na fitowa a jini. Su suna ɗibar jinin masu gashi kowane sati su ga ko waɗannan alamomi za su nuna raunin hanji tun kafin ya yi nisa. Ta jaddada cewa gwajin bai tabbata ba tukuna, ana kan auna gaskiyarsa ne, don haka ba za ta canja magani saboda shi kaɗai ba. Abin da mara lafiya ya faɗa da bakinsa shi ne madogara, jinin kuma a gwada shi da wannan.

Na fassara wa Alhaji duka, don wannan ba abin kunya a ciki. Ya saurara, ya ce, "Wato jinin ne zai kai musu rahotona?"

"Kusan haka ne, Baba."

"Ikon Allah. To su ɗiba." Ya karɓi biro ya sa hannu da ajami.

Kowace Litinin bayan an ɗebi jini sai mu shiga ofishinta. Tana da takarda mai jerin tambayoyi, tana karantowa tana kallona: sau nawa yake fita bayan gida a yini, yaya kamarsa, akwai jini, akwai majina, yana iya riƙewa ko yana kufce masa. Litinin ta farko da na ji jerin nan, wallahi ji na yi kamar ƙasa ta buɗe in shige. Ga Alhaji a gefena da babbar riga da hula, mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, tana tambayar yaya jikin, da kuma ciki." Ya ce, "Alhamdulillahi." Na ce mata ba matsala. Ta bi layukan ta yi musu alama ɗaya bayan ɗaya. A satin farko da na biyu wannan amsa gaskiya ce, shi ya sa na samu natsuwa da ita.

Ranar Laraba ta sati na uku, da muka tashi sallar azahar, Alhaji ya ja baya ya nuna mini dardumar gaba. "Malam, shiga." Na ce haba Baba, ina ni ina jan ka sallah. Ya ce in shiga. Na shiga, har da ɗan jin daɗi a raina, na ɗauka girmamawa ce. Daga ranar kuma aike ya yawaita. In je in sayo ruwa alhali ga ruwa a firji. In je in tambayo Mista Gofal lokacin jirgin ƙasa, mu da ba inda za mu. Nakan dawo in tarar da falo na ƙamshin turaren wuta, an buɗe taga. Ya hana ni wanke masa kaya, na riƙa ganin wanduna a shanye a cikin ɗakinsa. Tuwon da nake ajiyewa yakan dawo an ɗan taɓa gefensa kawai.

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, na gane. Mai koyar da yara yadda hanji ke aiki ba zai ce bai gane ba. Amma na ce wa kaina in abin ya yi tsanani ai zai faɗa, kuma ba tarbiyya ba ce in nuna na lura da abin da dattijo ke ɓoyewa. Na yi tunanin in kira Hajara ta tambaye shi, sai na tuna 'yar fari ce, ko sunanta ba ya kamawa. Na kira Hajiya na yi ta kewaye-kewaye, ta ce ai kullum suna waya, yana ce mata lafiya lau. Litinin ta huɗu Dakta Anita ta karanto jerinta, na ce, "Baba, yaya jikin?" ya ce, "Alhamdulillahi," na ce mata ba matsala. Ta dube shi, ta dubi wata takarda a gefenta, ta ce ya rame. Na ce abincin ƙasar ne bai karɓe shi ba.

Litinin ta biyar, bayan an shigar da Alhaji ɗakin da ake canja kaya kafin gashi, wata nas ta ce likita na nemana ni kaɗai. Na tarar da ita da takarda mai zanen layuka. Ta nuna mini da bakin biro: ga alamomin jininsa a satin farko da na biyu a kwance, ga su a na uku sun ɗaga, ga na huɗu sun yi sama sosai. Ta ajiye takardar tambayoyinta kusa da ita, duk layukan sun ce ba komai.

"Ɗaya daga cikin takardun nan biyu ƙarya take yi," ta ce. "In ta jinin ce, ba laifi, bincike ne, zan rubuta cewa gwajin ya yi kuskure a kansa, mu ci gaba da gashi yadda aka tsara. Amma in hanjinsa ya riga ya ji rauni muka ƙara masa sati huɗu a haka, abin na iya kai wa ga yanka, har ya ƙare rayuwarsa da jaka a gefen ciki." Ta ɗago ta dube ni. "Ba na jin yarenku. Amma tambayata doguwa ce, taka kuma kalma uku ce."

Na yi mata bayanin surukuta iya yadda Turanci zai ɗauka. Ta saurara ba ta yi dariya ba, ta ce su ma suna da irin nasu. Ta tambayi ofishin baƙi ko akwai wani mai jin Hausa, aka ce akwai wani ɗan Nijar da ke yi musu tafinta, amma ya yi tafiya sai Alhamis. Gashin Alhaji na ranar kuwa saura minti arba'in. Ta ce ba za ta iya dakatarwa ba dalili ba, kuma ba za ta so ta haska shi ba ta sani ba. Ta miƙo mini takardar tambayoyin.

Na tsaya a ƙofar ɗakin na fi minti biyu. Na cire takalmi, nas ɗin tana kallona, na shiga na durƙusa. Alhaji na zaune a bakin gado da rigar asibiti mai igiya a baya, hularsa na kansa, ƙafafunsa sun zama sirara. Ban taɓa ganin ƙwaurinsa ba sai ranar. Na juya fuskata wajen bango.

"Baba, likita ce ta aiko ni. Maganar tata ce, ba tawa ba. A gafarce ni."

"Ina jin ka, Malam."

"Wai sau nawa kake zagawa a yini?"

Na ji carbin ya tsaya. "In ya wuce goma nakan daina ƙirgawa."

"Akwai jini?"

"Akwai. Da majina."

"Kana iya riƙewa?"

Ya sassauta murya. "Ba kullum ba."

"Tun yaushe, Baba?"

"Tun ranar da na ce ka shiga gaba. Alwalar ba ta zama."

Na bi sauran layukan har ƙasa, ina karantawa ina fassarawa, muryata kamar ta mai karanta sanarwa a rediyo. Da na gama na tashi na fita ban waiwaya ba, na manta takalmina sai da nas ta biyo ni da su.

Ba a yi gashi ranar ba. Aka kwantar da shi, aka sa masa ƙarin ruwa, don ashe jikinsa ya bushe ƙwarai. Washegari suka zura 'yar kyamara suka duba, suka tarar da hanjin ya yi ja ya sassaluɓe a wuri mai faɗi. Kwana tara aka dakata ana magani, aka hana shi yaji da mai da kuka, sai farar shinkafa da ayaba da kindirmo. Suka sake auna hasken ta wata kusurwa, sannan aka ƙarasa. Daga nan kowace Litinin nakan juya kujerata in kalli ƙofa, in karanto tambayoyin yadda suke, shi kuma ya amsa yana kallon taga. Dakta Anita ta saba da ganin ƙeyarmu. Alamomin jinin suka riƙa sauka a hankali, ta ce a wurin bincikensu wannan abin farin ciki ne, ko da yake mutum ɗaya ba ya tabbatar da komai.

Ranar sallama ta ce ana sa ran an ci ƙarfin sankarar, za a ci gaba da dubawa a gida. Hanjin kuma ya tsira daga yanka, amma akwai tabon da mai yiwuwa ba zai koma daidai ba. Na tambaye ta a keɓe ko da an sani tun ranar farko da ba haka ba. Ta ce ba ta sani ba, kuma ba wanda zai iya ce mini ya sani. Na so ta ce a'a. Har yau da nake rubutun nan Alhaji ba ya nisa da gida. Mutumin da ke yini a kasuwa yanzu awa biyu yake yi ya dawo, ya bar zuwa ɗaurin aure na nesa, abincinsa daban ake dafawa. Duk lokacin da na ga an fito da ɗan kwanonsa sai raina ya ɓaci, kuma da kaina nake ɓacin ran.

Dawowa ba wani abin labari. Mista Gofal ya rako mu har mota ya sunkuya zai taɓa ƙafar Alhaji, Alhaji ya riƙe shi ya ba shi hannu. A jirgi na nema masa kujerar da ke kusa da banɗaki, ban faɗa masa dalili ba, bai tambaya ba. Muka tarar an yi zaɓe an gama, hotunan gadoji sun yage, ramukan hanya na nan inda muka bar su. Malam Sale ya tsaya sau shida tsakanin Abuja da Kano, kowane karo shi yake cewa yana son duba taya, na gane Hajiya ta yi masa bayani. Hajara ta haihu muna can, namiji, an yi suna ba mu nan.

Ana kiran la'asar muka shiga GRA. Muka tarar da get a rufe, mai gadi ya tafi masallaci. Malam Sale ya yi hon sau biyu, ya fita ya zagaya ta ƙaramar ƙofa don ya buɗe da kansa. Muka rage mu biyu a mota, ina gaba yana baya, inji na aiki. Na san in muka shiga gidan nan na koma bakin ƙofar falo, ba zan sake samun wannan dama ba. Na kafa ido a kan get ɗin.

"Baba, ina neman gafara. Tun satin farko likita take yin tambayoyin nan, ni ne ban isar ba."

"Na sani."

Ban waiwaya ba, ya ci gaba.

"Malam, shekara arba'in ina sayar wa Turawa fata. Ban iya yarensu ba, amma na san kalmar jini in an faɗe ta. Kowace Litinin ina jin ta a bakin yarinyar nan, in jira ta iso wurinka, sai in ji ka ce yaya jiki." Ya gyara zama. "Kwana goma sha biyu ina jira ka tambaye ni. Ni ba zan iya fara maka ba. Da ka tambaya, da na faɗa."

Get ya buɗe. Mata suka fito baranda ana ta sannu da zuwa, Hajara na tsaye a bayansu da jariri a kafaɗa. Malam Sale ya dawo ya ja motar ciki. Na riga shi fita, na zagaya na buɗe wa Alhaji ƙofa, kaina a ƙasa.